Filin Shawara: Injina yana kuka, ina jin nauyin ƙanin mijina

Gwaggo, ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Tarai, cikin ƙaramar hukumar Kibiya. Da kuɗin adashe na sayi injin markaɗe mai shan fetur, ina markaɗa wa mata wake da gero da kayan miya. Kwanakin baya fulin da ke jikin injin ya fashe. Ƙanin mijina ya je Rano ya sayo wani ya ɗaura min, ko sisi bai karɓa ba. Tun ranar injin ke wani ƙwal-ƙwal yana karkarwa, bel yana zafi yana yawan faɗowa. Na yi masa magana, ya ce sabon ƙarfe ne, zai zauna. Maƙwabciyata kuma ta ce baki ne ya kama ni. Ina jin nauyin kiran wani bakanike, kada ya ga na raina aikinsa. Yaya zan yi?

Mai markaɗe, Kibiya

'Yata, Allah ya sa wa sana'arki albarka.

Kashe injin nan tukuna, yau ɗin nan. Na san mata za su zo da robobinsu, na san da cinikin ranar kike cefane. Amma gara ki ba su haƙurin kwana biyu da ki yi zaman wata guda ba inji.

Ke da kanki kin faɗi inda ciwon yake, kunya ce ta hana ki ji. Kin ce tun ranar da aka ɗaura sabon fuli kukan ya soma. To me ya kawo maganar baki? Ban hana ki addu'a ba, ki yi ta safe da yamma. Sai dai bakin da ya zauna yana jira har a canza fuli sannan ya kama mutum, ki bar maƙwabciyarki da shi. Maganar “zai zauna” kuwa, bar ta. Fulin da ke rawa kullum ƙara rawa yake yi.

Ga abin da na fi zargi. Ƙananan injunan fetur ɗin nan, irin GX160 da masu kama da shi, sandar da ke fitowa daga jikinsu ba duka take kauri ɗaya ba. Akwai mai milimita 20, akwai mai milimita 19 da ɗan ɗoriya. Bambancin bai kai milimita 1 ba, ido ba ya gani. In aka sa fuli mai ramin 20 a sanda mai 19, zai shiga salin-alin, a ɗaure noti a ce an gama. Da an tayar da inji sai ya riƙa yin abin da takalmin da ya yi wa ƙafa yawa yake yi: kowane taku sai ya daki dunduniya. Injin nan kuwa yana iya juyi 3,600 a minti ɗaya. Ki lissafa dukan da sandar take sha kafin ki gama markaɗen ƙosai. Wannan sandar ita ce ta ratsa har cikin cikin injin. Ranar da ta cinye, sai an farke injin gaba ɗaya, kuma kuɗin da za a ce ki kawo zai sa ki zauna.

Gwajin ba wuya, ke ma za ki iya. Inji yana kashe, a zare wayar filogi, a cire bel. Kama fulin da hannu biyu ki girgiza. In ya motsa ko kaɗan a kan sandar, kin kama ɓarawonki. Duba gindinsa: in kin ga wani gari ja kamar tsatsa, ko baƙi, ƙarfe ne ke cin ɗan'uwansa. Akwai kuma ɗan guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake zura wa tsakanin fuli da sanda, makanikai suna ce masa ki. A duba ko yana nan, ko ƙusa aka dandaƙe aka cusa a madadinsa.

Daga nan koma wajen tukunyar markaɗen. Sassauta farantan, ki juya sandarta da hannu. In kin ji tana tafiya kamar da yashi a ciki, ko tana lilo, boris ya mutu. Ruwan markaɗe yana yawan kutsawa ya wanke giris, balle ga girgizar kwanakin nan a kai. Kowane boris da lambarsa a jiki, irin su 6204 ko 6205. A tafi da tsohon, a sayo mai lamba ɗaya.

Kukan ma iri-iri ne. Ƙwal-ƙwal na fuli ne. Gurnani da zafin da hannu ba ya iya jurewa na boris ne. Tsuwa mai tsini ta bel ce da ke zamewa. Da yake kin ce naki bel ɗin yana faɗowa, a miƙa zare a jikin fuli biyun a ga ko suna kallon juna sak. A duba kuma ko ramin sabon fulin na bel ɗinki ne, don akwai siriri mai lamba A, akwai B mai faɗi. Kada a ɗaure shi tamau don a hana shi faɗowa, boris ne zai biya. In aka danna tsakiyarsa da yatsa ya ɗan lotsa kamar santimita 1, ya isa.

Abu biyu na hana ki, ko wa ya kawo shawarar. Kada a yanko gwangwanin madara a cusa. Kada a yi wa fuli walda a jikin sanda. Araha ba ta ado. A sa bakanike ya auna sandar da ma'auni, a nemo fuli daidai da ita, faɗinsa kuma daidai da wanda ya fashe. In ba a samu a Rano ba, a ba direba saƙo zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

Yanzu ƙanin mijin naki. Yaron nan alheri ya yi miki, kuma kuskuren da ido ba ya gani ba abin kunya ba ne. Amma ke ma ki ji tsoron Allah a kan guminki. Wata nawa kika yi kina zubi kafin ki ɗauki adashen nan? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ki fara gaya wa maigidanki cikin natsuwa. Sannan ki kira yaron, ki gode masa, ki ce kina zargin mai shago bai ba shi daidai ba, ya taimaka ya kai a auna. Kin ga kin bar masa girmansa, shi ne ma zai tsaya a kan gyaran. In ya murtuke fuska, zai huce. Amma ranar da injin ya mutu, shi da ke duka za ku shiga bakin dangi, kuma ba wanda zai tuna kawaici kika yi.

Ku kuma sauran masu injin markaɗe da na niƙa, daga Rurum har Saya-Saya, na san da yawanku kuna karanta wannan kuna jin naku yana irin wannan kuka a zaure. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowace lita da ciwo ake sayenta, bel mai zamewa kuwa fetur yake sha ba aiki. Ku daina matse faranti inji yana juyi ba komai a ciki, garin ƙarfen a cikin kunun 'ya'yanmu yake ƙarewa. Kowace yamma ku ware wani abu daga ciniki a asusu, na gyara ne, ba na anko ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne hijabi da bakin zani. Bel ba ya jira. Ku ɗaure jikinku tsaf kafin ku tayar da inji, ku sa mai walda ya yi wa bel murfi, yaran da aka aiko da roba su tsaya daga nesa.

Ke kuma 'yata, in an auna sandar, ki rubuto min abin da aka gani.