Darasi: Idan Mun Kai Ƙannenmu Kallon Dainoso



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi duk wanda aka taɓa damƙa wa ƙanne a hannu ranar Sallah ko lokacin dogon hutu, aka ce ya kai su kallo. A zangonninmu, daga Nima har Kumasi, ba kasafai uba ke ɗaukar yara zuwa gidan sinima ba. Mu matasa ake aika, mu ne kuma muke shan tambaya a hanyar komawa gida. Idan fim ɗin na dabbobin nan ne da ake kira dainoso, to tambayoyin suna da nauyi: Yaya, da gaske an yi su? Me ya sa malam bai taɓa faɗa mana ba? Turawa za su iya dawo da su? Amsar da muka fi ji a bakin 'yan uwa ita ce, "Ƙaryar Turawa ce, yi mini shiru." Wannan amsa tana da haɗari, domin gobe yaron zai ga hoton ƙasusuwan a littafin kimiyya, sai ya yanke cewa yayansa bai sani ba, ko kuma, wanda ya fi muni, ya ɗauka addininsa ne ke gudun tambaya.

Mu fara da sunan, kamar yadda muka saba a aji. Wani masani ɗan Ingila, Richard Owen, shi ya ƙirƙiro shi a 1842 daga kalmomi biyu na Girkanci, ma'anarsu ƙadangare mai ban tsoro. Larabawa sun ari kalmar, suna cewa dainasur, jam'inta dainasurat. Wasu Hausawa kan ce kakan ƙadangare, sai dai masana sun nuna cewa kada da tsuntsaye sun fi ƙadangare kusanci da su, har ma suna lissafa tsuntsaye cikin zuriyarsu. Yara kuwa dodo suke cewa, nan ne gyara na farko. Dodo na tatsuniya ne. Dainoso dabba ce da Allah Ya halitta, ta ci, ta sha, ta yi ƙwai, ta mutu, ta bar ƙashi. Cewa ba a ambace ta a Alƙur'ani ba bai zama hujja ba, ai kyanwa ma da raƙumin dawa ba a ambace su ba, ba kuma wanda ya musa akwai su.

Ba sai mun je Amurka neman shaida ba. Da yawa daga cikinmu kakanninmu daga ƙasar Nijar suka gangaro, kuma Nijar tana cikin wuraren da suka fi ko'ina a Afirka arzikin waɗannan ƙasusuwa. A hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas, akwai wani wuri mai suna Gadufawa inda wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya fara tono tun wajen 1965. Ƙasusuwan dabbar da ya samo, wadda aka raɗa wa suna Ouranosaurus, an tsayar da su a gidan tarihi na Yamai. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya zo da jama'arsa. A 1997 suka haƙo Suchomimus, mai dogon baki irin na kada, tsawonta wajen mita 11, abincinta kifi. A 1999 ya sa wa wata suna Nigersaurus, wato ƙadangaren Nijar, mai cin ciyawa, bakinta mai faɗi ɗauke da haƙora sama da 500. Ku duba, ya 'yan uwa: mai cin kifi da mai cin ciyawa a inda yau babu kome sai rairayi da rana! Ashe a wancan zamani, shekaru kimanin miliyan 110 da suka wuce bisa lissafin masana, koguna ne ke gudana a wurin. Wannan kaɗai ya ishi yaro abin tunani na mako guda.

To, ina fim ya shigo? Wanda ya buɗe ƙofa shi ne Jurassic Park na Steven Spielberg, 1993, wanda aka ɗauko daga littafin Michael Crichton na 1990, kuma zuwa 2025 an yi bakwai a jerin. Labarin na farko shi ne, wani attajiri ya sa masana suka samo jinin dainoso daga cikin sauron da ya maƙale a ƙaron itace, ƙaron ya daskare ya zama kamar dutse. Suka ciro abin gadon halitta da ake kira DNA, inda ya yi giɓi suka cike da na kwaɗo, suka ƙyanƙyashe dabbobin a wani tsibiri don masu yawon buɗe ido. Wani ma'aikaci ya ci amana ya kashe wutar shinge, dabbobi suka fito, jikokin attajirin biyu na ciki.

Labari ne mai daɗi, amma ba ya yiwuwa. DNA ba ya jure wa dogon zamani, ruɓewa yake yi yana gutsurewa. Wanda masana suka bayyana a 2022 daga ƙasa mai ƙanƙara ta Girinlan, aka yi ta mamakin tsufansa, shekarunsa kimanin miliyan 2 ne kacal, alhali dainoso sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, bayan wani dutse mai faɗin wajen kilomita 10 ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na Meziko. Idan ƙane mai wayo ya ce ai an yi tunkiyar nan Dolly a 1996, sai a ce masa haka ne, amma daga ƙwayar jikin wata tunkiya aka ɗauka, aka dasa a ƙwan wata, wata kuma ta ɗauki cikin ta haife ta. Sarrafa abin da yake akwai aka yi, ba a samar da rai daga babu ba. Haka nan ba a taɓa samun ƙashin ɗan Adam a duwatsun zamanin dainoso ba, saboda haka babu mutumin da ta taɓa kora.

Masu fim sun ƙara gishiri ko a siffar dabbobin. Velociraptor da ke farautar yara a ɗakin girki, ta gaskiya da aka tono a Mongoliya ba ta wuce talotalo girma da yawa ba, kuma gashin tsuntsu gare ta. Mai tofa dafi a fuska, ba wata shaida da ta nuna tana da dafi. Rurin babbar nan mai firgitarwa kuwa, haɗa shi aka yi daga kukan ɗan giwa da na kada da wasu dabbobi, jikinta kuma wani wuri inji ne da aka lulluɓe da roba, wani wuri zanen kwamfuta. Muna ba da shawarar a gaya wa yaro wannan tun kafin a kashe fitila, ba bayan ya fara kuka ba.

Maganar kuka ta kawo mu ga amana. A Amurka kanta an yi wa waɗannan finafinai alamar gargaɗin iyaye game da 'yan ƙasa da shekara 13, domin ana cinye mutane a ciki. A ganinmu ɗan shekara biyar ko shida ba shi da abin yi a wurin, ko da zai yi birgima a ƙasa. Babban allo da ƙarar sinima ba ɗaya suke da talabijin na ɗaki ba, kuma uwa ce za ta kwana da mai firgita, ba kai da ka saya masa tikiti ba. Wanda ya kai shekara goma, ka zaunar da shi kusa da kai, idan ya ce a fita a fita, kada a yi masa dariya. A duba agogo kuma. Fim ɗin ya kai awa biyu, magariba a ƙasar nan tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, wanda ya shiga na ƙarfe biyar ya san abin da ya zaɓa. Na rana ya fi, a yi azahar a shiga, a fito a tarar da la'asar.

Ga aikin gida ga ɗaliban Larabci. Irin waɗannan ƙasusuwa da suka zama dutse Larabawa na kiransu ahafir, tilonsu uhfura, daga asalin hafara, wato ya haƙa. Daga nan ne aka sami hufra, rami, da haffar, mai sana'ar haƙa. Ku nemo wazanin kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan huɗu, sa'an nan ku binciko dalilin da ya sa kofaton doki ma daga wannan asali aka ciro sunansa. A kawo amsa kafin fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.