Bidiyon Biki Ya Ƙi Buɗewa a Talabijin ɗin Hajiya

Ni mai ɗaukar bidiyon biki da suna ne, shagona yana Kwararafa a nan Jos. Kwanan baya na ɗauki bikin 'yar wata Hajiya, tun daga kamu har kai amarya. Na haɗa da abin da ƙawayen amarya suka ɗauka da wayoyinsu, na tace, na zuba a filas na kai mata. Washegari sai ga kiranta tana faɗa. An tara dangi a falo, an soka filas a talabijin, bidiyon kamu ya ƙi buɗewa, wai ba a san irin fayil ɗin ba. Na ɗaurin aure ya buɗe, hoto na tafiya amma babu murya. Aka kai gidan ƙaninta a Unguwar Rogo, can suka buɗe, sai dai bakin mai waƙa daban, muryarsa daban. Na dina kuwa, wanda ya fi tsawo, tun a shago ya ƙi shiga filas ɗin, alhali akwai wuri. Duka MP4 ne Malam, kuma a kwamfutata lafiya lau suke tafiya, da VLC na gwada. Yanzu ta riƙe min cikon kuɗina, ta ce sai ta gani da idonta. Talabijin ɗinta ne ya tsufa, ko daga wajena ne?

Mai kyamara, Kwararafa, Jos

To ƙanena. Talabijin ɗin Hajiya ya tsufa, amma ta fi ka gaskiya. Ba don kwamfutarka ta biya ka ba, don falonta ta biya. VLC kuma ba shaida ba ce a wannan shari'a, domin manhaja ce da ke ɗauke da nata kayan karanta bidiyo, da wuya ka ba ta abin da za ta ƙi. Talabijin kuwa abin da aka dasa masa tun daga kamfani shi kaɗai ya sani.

Ka ce duka MP4 ne, to a nan masu sana'arku da yawa ke tuntuɓe. MP4 kula ce kawai. Kuloli biyu na iya zama iri ɗaya a ido, ɗaya tuwo ne a ciki, ɗaya shinkafa. Abin da talabijin ke dubawa shi ne tsarin da aka matse hoton da shi, wanda ake kira kodek. Akwai H.264 da ya fito a 2003, wanda kusan duk talabijin mai ramin filas da dikoda da waya suna karanta shi. Akwai ƙaninsa H.265, ko HEVC, na 2013, wanda ke rage nauyin fayil sosai, shi ya sa wayoyi da sababbin kyamarori suka rungume shi. Tun 2017 wayoyin iPhone ke ɗauka da shi idan ba a sauya musu ba. Ina kyautata zaton bidiyon kamu da HEVC ka fitar da shi, talabijin ɗin kuma bai taɓa jin sunansa ba. Kada ka tsaya kan zatona. Ka sauke MediaInfo, kyauta ce, ka jefa mata fayil ɗin. Idan ta rubuta AVC, H.264 ke nan. Idan ta rubuta HEVC, ka kama ɓarawonka. Sauya wa fayil suna ba ya sauya abin da ke cikinsa, kada wani ya ɓata maka lokaci da wannan dabara.

Rashin murya ma labarin ɗaya ne, don murya tana da nata kodek. Ka duba layin sauti a MediaInfo, ka sake fitarwa da AAC mai kafa biyu, hagu da dama. Shi ke nan.

Saɓanin baki da murya ya fi ban haushi, kuma daga wayoyin ƙawayen amarya ya fito. Kyamararka tana ɗaukar adadin hotuna tsayayye a kowace daƙiƙa. Waya kuwa takan rage ko ta ƙara yadda ta ga dama, musamman idan haske ya yi ƙaranci, ka kuwa san yadda ɗakin kamu yake da dare. Idan ka zuba irin wannan a manhajar tacewa, murya na tafiya da nata lissafi, hoto na tafiya da nasa, a minti na farko ba ka lura, kafin a kai rabin awa an rabu. Maganinsa kafin tacewa ake yi. Ka bi da kowane bidiyon waya ta HandBrake, ita ma kyauta ce, ka zaɓi H.264, ka danna Constant Framerate, ka daidaita adadin da na kyamararka. Ita kyamarar, 25 ko 50 ya dace ka sa mata. Wutarmu a Najeriya 50 take bugawa a daƙiƙa, tsarin talabijin ɗinmu ma a kan 25 aka gina shi, don haka mai ɗauka da 30 ko 60 irin na Amurka yakan ga hoto na ƙyafta ido a ƙarƙashin wasu fitilun zauren biki. Abin kunya ne a ce wannan ya shige mana duhu a Jos, garin da Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta ta koyon fim suke, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield.

Wani abu da ba ka tambaya ba: in ka ga fuskar amarya ta yi fari fat, ko launin leshi ya koɗe a bidiyon waya, HDR ne, wanda iPhone ta fara ɗauka da Dolby Vision tun samfurin 12 a 2020. Nan gaba ka roƙi masu wayar su kashe shi, su kuma zaɓi Most Compatible a saitin kyamara kafin a fara rawa. Wasu za su ji, wasu ba za su ji ba.

Na dina da ya ƙi shiga filas, ba wuri ne ya ƙare ba. Filas ɗin a tsarin FAT32 yake, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, ko da filas ɗin mai giga 64 ne. Za a ce maka ka mai da shi exFAT, to amma tsofaffin talabijin da yawa ba sa ganin exFAT, ka gudu daga wata matsala ka faɗa wata. Ni dai shawarata ka bar shi a FAT32, ka yanka bidiyon. Idan ka fitar da 1080p a kan megabit 8 a daƙiƙa, awa ɗaya takan ci kusan giga 3.6, don haka ka yi kashi-kashi na minti 45 ko 50, ka sa musu lamba. Dattawa ma sun fi son haka, a tashi a yi salla a dawo a ci gaba.

Kafin ka kwana kana sake fitar da biki guda, ga wuta ba tabbas, ka yanki minti biyu ka fitar da wannan saiti na H.264 da AAC, ka ɗauki filas ka je gidan Hajiya da kanka. Ka gaishe ta, ka ba ta haƙuri ba tare da dogon bayanin kodek ba, ka soka a talabijin ɗin nan nata da ya ƙi. In tsohon DVD mai ramin filas take amfani da shi, to shi AVI na Xvid ya fi ganewa, kuma girman hoton kada ya wuce 720 da 576. Dangin da ke nesa kuwa ka yi musu ƙaramin kwafi na 720p, ka tura ta WhatsApp a matsayin dokumen don kada ya sake matse shi.

Idan ka yi duk wannan amma bidiyo ya riƙa tsayawa a tsakiya, ka zargi filas ɗin kansa. Akwai na jabu da ke nuna giga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, abin da ya wuce iyakarsa lalacewa yake yi. Manhajar H2testw za ta cika shi ta karanta ta faɗa maka ainihin girmansa. Asalin fayilolin bikin kuma kada ka goge ko ɗaya sai cikon kuɗinka ya shiga hannu.