Darasi: Ƙarin Mahaifa, a Yi Fiɗa ko a Dakata?

'Yan'uwa manoma, sau da yawa cikin mace yakan yi ta girma, wata tara ya wuce ba haihuwa. Sai a ce ciki ne ya kwanta, ko kuwa sammu ne. Galibi abin da ke damunta shi ne ƙarin mahaifa, watau tsiron nama a jikin mahaifa. Wani ƙanƙane ne kamar gyaɗa, wani kuwa yakan kai girman kabewa. Ba ciwon daji ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna fiye da mata baƙar fata 8 cikin 10 suna samunsa kafin shekara 50, amma da yawa ba ya damunsu.

1. Yaushe ya kamata a je asibiti?

In jinin al'ada ya yi yawa, ko ya wuce kwana 7. In mace tana jiri da haki, tafin hannunta ya yi fari. In mara ta kumbura, ko fitsari ya yawaita, ko ana yawan ɓari. A Kano akwai likitocin mata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, a hanyar Zariya wajen Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni. Za a ɗauki hoton ciki, a auna jini. Sa'an nan ne za a san girman ƙarin da wurin da ya tsaya.

2. Hanyoyi huɗu

Ta fari, a dakata ana dubawa, in ƙarin ba ya damun mace. Ta biyu, a ba da maganin rage zubar jini da na ƙara jini. Wannan yana kawo sauƙi, amma ba ya kawar da ƙarin. Ta uku, a yi fiɗa a cire ƙarin a bar mahaifa. Mace tana iya haihuwa bayan haka, amma ƙarin yana iya sāke tsirowa, wataƙila kuma haihuwa ta gaba sai da fiɗa. Ta huɗu, a cire mahaifa duka. Ƙarin ba zai dawo ba, amma al'ada da haihuwa sun ƙare.

3. Misali

Ga mata biyu. Ɗaya shekararta 47, 'ya'yanta shida, jinin kuwa bai yi tsanani ba. Wataƙila likita ya ce ta jira da magani, gama ƙarin yakan motse sa'ad da al'ada ta ɗauke. Ɗayar shekararta 30, ba ta haihu ba tukuna, jini yana neman kā da ita. Jira ba zai amfane ta ba, hanya ta uku ce za a fi duba mata. Ciwo ɗaya ne, shawara dabam. Lalle ne mace ta ji bayanin likita da kunnenta kafin ta sa hannu, har da cewa in jini ya ƙi tsayawa ana cikin aiki, ana iya cire mahaifar domin a ceci rai. Miji ya raka ta, amma kada ya yanke mata shawara.

4. Aikin ƙungiya

Bayan fiɗa mace za ta yi kamar mako 6 ba daka, ba ɗaukar ruwa, ba aikin gona. In likita ya yarda da jinkiri, a roƙi rana bayan kaka, sa'ad da akwai amfanin gona a hannu. In jini ya yi ƙasa ƙwarai, ba a jiran kaka. Kada a ƙarar da kuɗin hatsi wajen masu tallar maganin narkar da ƙari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ƙungiya ta ware asusun rashin lafiya, masu ƙarfi kuma su ba da jini.

Tambayoyi domin tattaunawa

(a) Me ke hana matanmu faɗin irin wannan ciwo da wuri?
(b) Mudu nawa kowane ɗan ƙungiya zai iya zubawa cikin asusu a kakar bana?
(c) In 'yar'uwa ta kwanta mako 6, wa zai riƙe mata gida da gona?