Kwaɗon da Ke Kwana a Kan Ganye

Da zarar damina ta kankama a Romi, kukan kwaɗi ba ya barin mu barci. Wanda muka saba gani shi ne mai ƙurajen baya da ke tsalle a bakin kwata. Amma a ƙasar nan akwai wani kwaɗo da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, domin a kan ganye yake rayuwa, can a tsaunuka masu sanyi.

Masana na kiransa Hyperolius riggenbachi, kuma wani Bajamushe, Fritz Nieden, ne ya fara bayyana shi a kimiyyance a 1910. Ana samunsa a tsaunin Mambilla na Jihar Taraba, da Obudu a Kuros Riba, da tsaunukan yammacin Kamaru. Tsawonsa kamar babban yatsan hannu ne. A ƙarshen kowane yatsansa akwai ɗan faifai mai manne da yake kama ganye da shi, bayan macen kuwa zane ne kala-kala sai ka ce atamfa.

Ga inda darasin yake. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki kamar mu, ta fata yake tsotsa, har numfashi yana yi da ita. In fatar ta bushe, ya mutu. Shi ya sa ba ya nisa da fadamu da ƙoramu masu inuwar itatuwa, inda 'ya'yansa, talibambam, ke girma cikin ruwa. To, a sare itatuwan bakin ƙorama don girki ko gona, a cinna wa ciyawa wuta da rani don shanu su sami sabon toho, ina zai nufa? Ƙasan dutse zafi ne da bai saba da shi ba. Tsaunin ya zame masa tsibiri.

Ba ma ganin laifin manomi ko makiyayi, kowa abinci yake nema. Abin da ya burge mu shi ne aikin da ake yi a gandun dajin Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa a Mambilla. Masaniyar tsirrai Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand ta kafa cibiyar bincike a can, kuma mutanen yankin ne ke yawancin aikin. Suna kewaye wasu wurare da shinge, su share hanyar tare wuta, su reni irin itatuwan kurmin su dasa. Birai da tsuntsaye aka fi ambata, amma duk inuwar da ta dawo bakin ƙorama, kwaɗo ma ya samu.

Mu ma muna da Kogin Romi, kuma mun san leda da baƙin man inji da ke gangarawa cikinsa ta kwatoci. Fatar kwaɗinmu na tsotsar wannan. Duk wanda ya ga ƙaramin kwaɗo manne da ganyen masara ko ayaba a daminar bana, kada ya jefe shi. Ya zana shi a takarda, ya rubuta rana da wurin, ya kawo wa ƙungiyarmu mu liƙa a wannan allo.