Ma'anar Lambobin Na'urar Auna Sukari

Lambar da na'urar gida ta nuna ba ta da ma'ana sai an san lokacin da aka yi awon. Ga mai ciwon sukari, ana son ta tsaya tsakanin 80 da 130 mg/dL kafin karin kumallo, kuma kada ta kai 180 awa biyu bayan cin abinci.

Tuwon masara, cimar yau da kullum a Funtua da Malumfashi, yakan ɗaga ta. Aikin gona kuwa yakan saukar da ita. Manomin da ya sha magani ya tafi huɗa bai karya ba, sukarinsa na iya yin ƙasa da 70, jiki ya ɗauki rawa, gumi ya karyo. To, nan take ya sha ruwan sukari.

A riƙa rubuta lamba da lokaci da abin da aka ci, a kai wa likita.