Cajin Cibiyar Atam: Ƙaramar Lamba Za Ka Duba

Ɗalibi mai shirin WAEC ko JAMB, in aka tambaye ka cajin cibiyar atam, kada ka yi saurin ɗaukar kalkuleta. Fara buɗe jadawalin sinadarai ka nemo lambar atam, wadda ake wa alama da harafin Z. Ita ce yawan furoton da ke cikin cibiyar, kowane furoton kuwa caji ɗaya gare shi, mai alamar tarawa. Niyutiron ɗan rakiya ne a wannan lissafi: yana ƙara nauyi, amma ba shi da caji ko kaɗan.

Ɗauki sodiyam. Lambobi biyu ake liƙa masa, 11 da 23, ido kuma babbar yake fara kamawa. To, 23 ɗin jimillar furoton 11 ce da niyutiron 12. Amsarka +11. In a kulom aka ce a kawo, ninka 11 da cajin furoton ɗaya, 1.6 × 10⁻¹⁹, ka sami 17.6 × 10⁻¹⁹, wato 1.76 × 10⁻¹⁸. Wurin matsar da ɗigon nan ake zubar da maki a banza, don haka a natsu.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne Na⁺, sodiyam ɗin da ke cikin gishirin miya. Alamar tarawa ɗaya da ka gani ta atam ɗin ce gaba ɗaya, saboda ya rasa elektiron guda, saura 10. Cibiya tana nan a +11. Haɗuwar sinadarai da elektiron take wasa, ba ta isa cibiya ba. Haka kabon-12 da kabon-14: niyutiron ne ya bambanta su, caji +6 ne duka.

Ban ga amfanin haddar wannan ba tare da sanin dalili ba. Da can da nauyi ake jera sinadarai, sai wasu suka ƙi zama daidai. A 1913, shekara biyu bayan Ernest Rutherford ya bayyana cewa atam na da cibiya, Henry Moseley a Ingila ya auna hasken X da sinadarai ke fitarwa, ya nuna cajin cibiya ne ke ba kowanne gurbinsa. Shi ya sa argon mai 18 ya riga potasiyam mai 19 alhali ya fi shi nauyi, kobalt mai 27 ma ya riga nikel mai 28. In an ba ka waɗannan a jarrabawa aka ce ka jera, bi Z.