Jarrabawar Tunani: Nemi Abin da Ba a Faɗa Ba

Karanta wannan: "Tun da aka kafa fitilu masu aiki da hasken rana a titunan unguwar nan bara, ƙorafin sata da ake kai wa mai unguwa ya ragu. Saboda haka fitilun sun rage sata." A ƙasa sai a tambaye ka wane zato ne maganar ta dogara a kansa. Sai a jera maka amsoshi biyar, kuma lokacin da kake da shi bai kai minti ɗaya da rabi ba.

Irin wannan tambaya ita ce ƙashin bayan LSAT, jarrabawar shiga makarantun koyon aikin lauya a Amurka da Kanada. Tun daga Agustan 2024, biyu daga cikin sassa ukun da ake ba da maki a kansu na auna hujja ne, kowanne tambayoyi wajen 25 cikin minti 35. Ana samun irin tambayar a GMAT ta masu neman digiri na biyu a harkar kasuwanci, da gwajin Watson-Glaser da kamfanonin lauyoyi a Ingila ke tace masu neman aiki da shi. Wanda ya taɓa zaman gwajin ɗaukar aikin banki a Najeriya ma ya ga danginta.

Kuskuren da ya fi kayar da ɗalibai masu ƙoƙari shi ne gardama da labarin. Wani zai ce, ai a unguwarmu an sa fitilun, ɓarayi suka zo suka kwance baturan. Gaskiyarka, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai jarrabawa bai tambaye ka ko ƙorafi ya ragu ba. Ya ce ya ragu, to ka karɓa. Aikinka shi ne ka duba ko abin da aka ba ka ya isa ya ɗauki nauyin hukuncin da aka ɗora masa.

Don haka fara da raba maganar gida biyu: hujja da natija. Waɗannan kalmomi ba baƙi ba ne ga wanda ya zauna a zaure. Malamin nan na Aljeriya, Abdurrahman al-Akhdari, wanda yara ke karanta littafinsa na ibada da muke kira Ahalari, shi ne kuma ya rubuta Sullam, waƙen ilimin manɗiƙi da malamanmu suka daɗe suna karantarwa. Aikin ɗaya ne, tufafin ne suka bambanta. Natija ita ce abin da mai magana yake son ka yarda da shi, hujja kuwa abin da ya kawo don ka yarda. Kada ka ɗauka natija kullum a ƙarshe take. Masu shirya tambaya sukan sa ta a farko ko su cusa ta a tsakiya. In ka rikice, ɗauki jimlar da kake zargi ka ce mata "saboda me?" Idan sauran jimlolin suka amsa, ita ce natijar.

Yanzu koma kan fitilun, ka karanta kamar mai duba yadi a Kantin Kwari, kana neman inda zare ya tsinke. Hujja ta yi maganar ƙorafin sata. Natija ta yi maganar sata. Ka ga an sauya kalma ba tare da sallama ba. Tsakanin ƙorafi da sata akwai rami, kuma mai maganar ya tsallake shi da zaton cewa yawan ƙorafi yana nuna yawan sata. Ga rami na biyu: hujja ta ce wannan ya biyo bayan wancan, natija ta ce wancan ne ya jawo wannan. Duk kalmar da ta ɓullo a natija alhali babu ita a hujja, ja mata layi. Mafi yawan lokuta amsar tana kusa da ita.

Ga dabarar da na fi amincewa da ita, wato kore amsa. Ɗauki amsar da kake zato, ka mai da ita kishiyarta, ka ga ko maganar za ta tsaya. A ce amsa ta biyu ta ce: "Mutanen unguwar ba su koma kai ƙorafinsu wani wurin ba." Kore ta: sun koma kai wa 'yan sintiri ko ofishin 'yan sanda. Shi ke nan, gini ya rushe, domin raguwar ƙorafi a wajen mai unguwa ba ta ƙara nuna komai game da sata. Wannan ce amsar. A ce ta huɗu ta ce: "Fitila ce hanya mafi inganci ta hana sata." Tana da daɗin ji, kuma tana goyon bayan mai magana. Kore ta: akwai hanyar da ta fi fitila. To sai me? Fitilar na iya rage sata ko da kare ya fi ta. Maganar tana nan daram, saboda haka ba ta dogara da wannan ba. Kama da wane ba ta wane.

Abin lura a nan: zaton da magana ke buƙata yawanci mai sanyin murya ne. Amsar da ta zo da "duk", "kullum", "kaɗai" ko "mafi" ka tsananta mata bincike. Sai dai akwai wata tambaya mai kama da wannan wadda ke neman zaton da, in an ƙara shi, natija ta tabbata ba makawa. A can amsa mai ƙarfi ake so, kuma dabarar korewa ba ta aiki. Wanda ya san fiƙihu ba zai sha wahala ba. Tsarki sharaɗi ne na sallah, babu shi babu ita, amma yin tsarki kaɗai bai sa an yi sallah ba. Abin da ake buƙata daban, abin da ya wadatar daban. Karanta tambayar sau biyu don ka san wanne ake nema.

Tambayar rauni ƙanwar tambayar zato ce. Ramin ɗaya ne. A ɗaya ana ce maka cike shi, a ɗaya ana ce maka nuna shi. Raunukan ba su da yawa, suna ta dawowa ne da sabuwar riga. Babbansu shi ne ɗaukar haɗuwar abu biyu a matsayin sanadi. Ruwa ba ya tsami banza, haka ne, amma wa ya ce abin da ka fara gani ne ya sa shi tsami? Tambayi kanka ko akwai abu na uku da ya zo lokaci guda, kamar kafa 'yan sintiri a watan da aka sa fitilu, ko kuwa sanadin a juye yake.

Na biyu shi ne yanke hukunci kan jama'a daga samfurin da bai wakilce su ba. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshin mutum fiye da miliyan biyu, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta samo sunaye da yawa daga littattafan lambobin tarho da rajistar motoci, a zamanin da talauci ya yi katutu, kuma waɗanda suka ga dama ne kawai suka maido da takardar. Yawa bai gyara karkata ba. Duk inda tambaya ta ce an yi bincike, tambayi su wa aka tambaya, su wa kuma suka amsa.

Sauran ka san su daga hirar majalisa: sukar mai magana maimakon maganarsa, ruɗa kaso cikin ɗari da ainihin adadi, da cewa tunda ba a tabbatar da abu ba to ƙarya ne.

Wahalar tambayar rauni tana cikin amsoshin, domin ana rubuta su da Turanci mai lauje cikin naɗi. Kada ka zaɓi amsa don ta yi kama da maganar masana. Yi mata tambaya biyu. Shin mai maganar ya aikata abin da ta ce? In ya aikata, shin laifi ne? Amsa takan ambaci rauni na gaske wanda ba a yi shi a wannan magana ba, ko ta ambaci abin da aka yi wanda ba aibu ba ne, kamar rashin kawo sunan mai bincike. Kuma kafin idonka ya sauka kan amsoshin, faɗi raunin da bakinka, da Hausa ma in ta fi maka sauƙi. Wanda ya shiga kasuwa bai san abin da zai saya ba, dillali ne zai zaɓa masa.

Wajen atisaye, ajiye agogo a makonnin farko. Tambaya goma da ka warware a tsanake ta fi hamsin da ka yi a guje. Hukumar LSAC mai shirya LSAT tana sakin tsofaffin tambayoyinta, wasu kyauta, a dandalinta na LawHub, kuma sun fi na kwaikwayo tsafta ko da wata jarrabawar za ka zauna. Sami littafi guda, duk tambayar da ka faɗi ka rubuta abin da ya ja ka zuwa amsar banza da abin da ya sa ka guje wa ta gaskiya. Bayan wata guda za ka tarar rami biyu ko uku ne kake ta faɗawa. Ranar jarrabawa kuma, in tambaya ta ci maka minti biyu, zaɓi wadda ta fi kwanta maka ka wuce. A LSAT ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada ka bar gurbi ko ɗaya babu amsa.